Wace taya zan sa wa fo-wil ɗina, ta laka ko ta ko'ina?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya, yace yana da Hilux mai fo-wil, tayoyin da ta zo da su 265/65R17 sun cinye, yawancin tafiyarsa a kwalta ne amma yakan shiga daji, wani lokacin burji da tsakuwa, wani lokacin yashi, in ruwa ya sauka kuma laka, kuma da kaya a baya. Yace ransa ya biya da manyan tayoyin nan masu haƙora da ake rubuta MT a jikinsu, yana so ya ƙara girma zuwa 285/70R17, shin ya saya ko kar ya saya.

To ɗan'uwa, in dai tafiyarka kamar yadda ka faɗa take, ni dai ba zan ce ka sayi MT ba, AT zaka saya, wato ta ko'ina, mai ƙarfin jiki irin ta ɗaukar kaya wadda aka rubuta LT a gaban lambarta, girmanta ko daidai da na kamfani ko taki ɗaya sama, sannan abin da ya rage a aljihu ka sayi kwamfaresa ta iska da geji mai kyau. Amma bari in warware maka dalili, dan kar ka ɗauka son raina ne, kuma dan wanda hanyarsa ta bambanta da taka shima ya san inda zai dosa.

Tayoyin irin waɗannan motoci kusan kashi uku ne da rabi. Akwai HT ta kwalta, ita ce galibi mota ke fitowa da ita daga kamfani, zanenta a matse, ba ƙara, tana riƙe birki sosai a jiƙaƙƙen titi, bata cin mai, amma da ta taka laka zanen ya cike ta koma sumul. Akwai AT wadda aka yi dan ta ɗan taɓa ko'ina. Akwai MT ta laka, haƙoranta manya da rata mai faɗi a tsakaninsu. Rabin kuma ita ce RT, wadda ta fito daga baya, tsakiyarta kamar AT kafaɗunta kamar MT, irin su Nitto Ridge Grappler da Toyo Open Country R/T. Wannan rabe-raben ba tsoho bane can can, BFGoodrich ne suka fito da Radial All-Terrain T/A a 1976, sannan Mud-Terrain T/A a 1980, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abin da mutane basa so su ji shi ne, duk abin da taya ta samu a wani waje sai ta biya shi a wani waje. Ratar nan mai faɗi da ke tsakanin haƙoran MT, amfaninta shi ne in taya na juyawa cikin laka ta riƙa watsar da lakar da ta maƙale, haƙori ya fito tas ya sake cizon ƙasa, wannan shi ne duk sirrin, kuma wallahi a laka mai danƙo babu AT ɗin da zata kamo ƙafarta. Amma wannan ratar dai, in ka hau kwalta, tana nufin robar da ke taɓa titi ta ragu. Ga shi yawancin MT basu da ƙananan tsage-tsagen nan siraran da ake yi a kan kowane haƙori, waɗanda su ne ke share ruwa su riƙe titi in an yi ruwa. Kamar ka sa takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ne ka hau jiƙaƙƙen tayil. Zaka taka birki a ruwa ka ji motar na ci gaba da tafiya fiye da yadda ka saba, kuma Hilux in babu kaya bayanta shafal yake, a kwana bayan ne zai fara zamewa. Wannan shi ne babban abin da ke damuna da MT a hannun wanda kashi 80 na tafiyarsa kwalta ce, ba ƙarar ba, ba man ba, birkin. Mutum ya sayi taya saboda kwana kaɗan na laka a shekara, sauran kwanakin duka yana ɗauke da iyalinsa a kan tayar da tsayawarta ta fi tsawo.

Ƙarar ma dai ba ƙaramin abu bane, sabuwa tana da ɗan gurnani da zaka iya jurewa, amma in ta fara cinyewa haƙoran basa cinyewa daidai, gaban haƙori da bayansa su bambanta, daga nan sai kuka kamar beyarin ya mutu, doguwar tafiya ka sauka kanka na sarawa. Sannan ta fi nauyi, ta fi cin mai, ta fi wuyar balansin, kuma a kwalta mai zafi ta fi saurin ƙarewa.

Sai maganar yashi, nan ne mutane da yawa suka fahimci abin a baibai. A yashi ba cizo kake nema ba, so kake motar ta hau saman yashin ta wuce. Taya mai manyan haƙora in ta fara juyawa a waje ɗaya haƙa take yi, kafin ka ɗaga ƙafa daga totur ta binne kanta har aksil. AT, kai har HT ɗin da ta ɗan cinye, in an rage mata iska yadda ya kamata tana tafiya a yashi lafiya lau. Ba wai MT bata iya yashi ba ne, tana yi in an sauke iska sosai kuma direba yana da sanyin ƙafa, amma babu wata riba da ta baka a wajen. A burji da tsakuwa kuwa AT ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, dan akwai roba da yawa a ƙasa. Inda MT ke da gaskiya wuri biyu ne, laka mai zurfi da kuma hawan manyan duwatsu inda haƙoran kafaɗa ke kama gefen dutse. In aikinka kullum a nan yake, gona mai taɓo, wurin haƙar ma'adinai, hanyar da watanni take a jiƙe, to saye MT kar ka saurari kowa, irin su BFGoodrich KM3, Cooper STT Pro, Yokohama Geolandar M/T G003, duk an san su da aiki.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta da kyau, dan abin da ke ajiye mutum a daji ba zanen taya bane yawanci, fashewa ce. Kaifin dutse ya yanka gefe, kututture ya soke ta, ƙaya ta shige. Kuma wannan maganar jikin tayar ce ba zanenta ba. Tayoyi biyu zasu iya zama suna ɗaya, zane ɗaya, girma ɗaya, amma ɗaya an gina ta irin ta ƙaramar mota ɗaya kuma irin ta ɗaukar kaya. Wadda aka gina dan kaya zaka ga LT a farkon lambar, misali LT265/70R17. Wadda babu LT ko kuma aka sa P, galibi jikinta irin na motar fasinja ne, gefenta siriri, tana da laushi da daɗin hawa amma dutse baya jin kunyarta. LT zarenta ya fi kauri, robar gefenta ta fi kauri, kuma sau da yawa zanenta ma ya fi zurfi. Mai sayarwa zai iya nuna maka AT mai kyaun gani ya ce ai ta daji ce, kai dai duƙa ka karanta gefen da idonka.

A cikin LT ɗin ma akwai mataki, zaka ga harafi C ko D ko E. C ana ce mata mai fulai 6, wato shimfiɗa 6, D mai 8, E mai 10. Kar wannan ya ruɗe ka, ba wai in ka yanka E zaka ƙirga shimfiɗa 10 a ciki ba, lissafi ne da aka gada tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga, yanzu ma'auni ne kawai na ƙarfi da yawan iskar da zata iya ɗauka. A yawancin girma C tana kaiwa 50 psi (psi shi ne ma'aunin iskar taya), D 65, E kuma 80. Ainihin shimfiɗar da ke gefen taya biyu ce ko uku, kuma an rubuta ta da ƙananan haruffa a jikin tayar, zaka ga an faɗi nawa ne a gefe nawa ne a ƙarƙashin zane, polista nawa waya nawa nailan nawa. In hanyarka duwatsu ce masu kaifi nemi mai uku a gefe.

Mutane suna ji an ce E ta fi ƙarfi sai kowa ya ce E yake so. Ba kowa ke buƙatarta ba. E tana da nauyi kuma tana da tauri, a mota mara nauyi kamar Suzuki Jimny ko Jeep Wrangler mai ƙofa biyu duk wani ɗan rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka, kuma ko ka rage iska gefen baya lanƙwasawa yadda ake so saboda motar bata da nauyin da zata danne shi. Ga irin taka da ke ɗaukar kaya, in kayan na gaske ne kullum ko kana jan tirela, D ko E. In kayan jefi-jefi ne, C ta wadatar kuma zaka fi jin daɗinta. Nauyin taya ba abin wasa bane dan nauyi ne da baya kan sifirin, shokazoba ce ke fama da shi duk lokacin da taya ta yi tsalle, birki kuma shi ke fama da tsayar da juyawarsa, kilo kaɗan a kowace ƙafa sai ka ji motar ta canza hali.

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 112S. 112 ɗin nauyin da taya ɗaya zata ɗauka ne, wato kilo 1,120. 115 kilo 1,215 ne, 121 kuma kilo 1,450. In ka ga biyu kamar 121/118, ta farkon ita ce taka, ta biyun ta motocin da ke haɗa taya bibbiyu a baya ce. Harafin kuma iyakar gudu, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Dokar a nan guda ɗaya ce, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin, kar ka sayi tayar da lambar lodinta ta gaza abin da ke wurin. Harafin gudu kuwa yawancin MT Q ne, wasu ma ƙasa da haka, sai ka san da wannan.

Akwai wani abu da ko masu faci da yawa basu sani ba, kuma yana kashe taya. LT tana buƙatar iska fiye da tayar fasinja kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Duba misali, tayarka ta asali mai 112 tana kaiwa kilo 1,120 ɗinta a wajajen 36 psi, amma LT265/70R17 mai harafin C, wadda ita ma 112 ce, sai a 50 psi take kai wannan nauyin. To kaga in ka sa LT ka ci gaba da bata iskar da ke rubuce a ƙofa, kuma ka lafta kaya ka hau kwalta da gudu, tayar tana tafiya ne da ƙarancin iska ba ka sani ba. Ƙarancin iska na sa gefe ya riƙa lanƙwasawa yana miƙewa, wannan ke haifar da zafi, zafi ke raba roba da waya, daga nan sai dai ka ji fam. Kamfanonin taya suna da jadawalin lodi da iska na kowace girma, nemi na tayar da ka saya ka daidaita, yawanci zaka ga kana buƙatar ƙarin wasu psi a kan na ƙofa. Kuma ba cewa nayi ka ɗura mata 80 ɗin da ke rubuce a gefe ba, wannan iyaka ce ba umarni ba, in ka yi haka tsakiyar ce zata cinye motar kuma ta riƙa tsalle. Maganar zafi da iska ba tatsuniya bace, a watan Agustan 2000 Firestone sun janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan Ford Explorer, saboda zanen yana ɓarewa daga jikin tayar a kan gudu musamman a jihohi masu zafi, kuma cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kai har da iskar 26 psi da aka rubuta wa motar. Wannan lamarin ne ya jawo dokar da ta sa daga 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar da ke gargaɗin raguwar iskar taya.

Mu zo kan girma tunda shi ne ya fi ɗaukar hankalinka. 265 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefe ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 17 kuma girman wili a inci. In ka lissafa, 265/65R17 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 776 ne, inci 30.6. 265/70R17 kusan 803 ce, inci 31.6. Ita kuma 285/70R17 da kake so kusan 831, inci 32.7, ita ake ce wa 33. Gaskiya ne babbar taya tana da amfani guda da babu abin da ke bayarwa sai ita, ita kaɗai ke ɗaga difaranshal na baya daga ƙasa, ko ka ɗaga sifirin inci nawa bodi ne ya tashi, ƙullin aksil yana nan inda yake. Amma rabin bambancin tsayin kawai kake samu, daga 776 zuwa 831 ribarka milimita 27 ce, bai fi inci ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ga abin da zaka biya. Tayar ta fi ta asali da kusan kashi 7, dan haka in agogon gudu ya nuna 100 kana kan 107, kilomitan da motar ke ƙirgawa ma sun ragu da haka, lissafin sabis da na mai duk sun karkace. Injin zai ji kamar an ɗaga masa giya, tashi ya yi nauyi, a hawa da kaya sai ka riƙa saukowa giya, in otomatik ce ta riƙa neman giya tana zafi, in manuwal ce kuloci ke sha. Gangara a ƙaramar giya ma motar zata fi sauri fiye da da, wanda a dutse ba abin so bane. Birki ya ƙara aiki. Sannan gogawa, a irin waɗannan motocin 33 ba kasafai take shiga haka kawai ba, in ka murɗe sitiyari har ƙarshe ko taya ta nutse cikin rami zata goga madigadi ko ƙarfen da ke riƙe bodi a bayan tayar gaba, sai an ɗaga motar, an yanke wani wurin, wani lokacin an canza wili. Safaya ma sai ka duba ko zata shiga mazauninta a ƙarƙashi. Wasu ƙasashen kuma doka ta ƙayyade iya ƙarin da zaka yi, inshora ma na iya kafa hujja da shi.

Shi yasa nace taki ɗaya. 265/70R17 ƙarinta kashi 3 da ɗan wani abu ne, gefenta ya fi tsayi, ta ɗaga ka milimita 13, injin ba zai ji sosai ba, kuma girma ce da ake samu kusan ko'ina, wanda ba ƙaramin abu bane ranar da ka yanka taya nesa da gida kana neman madadinta. Ko ita ma a gwada guda ɗaya a gaba a murɗa sitiyari dama da hagu kafin a ɗaura sauran.

Faɗi kuwa, ido ne ke sonsa. Siririyar taya doguwa kamar 235/85R16 ko tsohuwar 7.50R16 da Land Cruiser da Land Rover suka yi shekaru suna ratsa sahara da daji da ita, tana yanka laka ta taɓa ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, bata da nauyi, bata wahalar da sitiyari da beyarin. Mai faɗi tana bin kowane kwari a titi tana jan sitiyari, kuma ta fi saurin hawa saman ruwa. Sannan wili, in motar mutum ta zo da 20 ko 22 kuma da gaske yake son daji, gara ya koma 17 ko 18 in birkinsa zai bari, dan gefen taya shi ne katifarka kuma shi ne ke kare wilin, in babu gefe babu abin da zaka rage wa iska.

Rage iska, wannan shi ne abin da ya fi duk wani zane tasiri kuma kyauta ne. In ka sauke iska, sawun tayar a ƙasa yana ƙara tsawo, tsawo ne yafi ƙaruwa ba faɗi ba, nauyin motar ya bazu, tayar ta riƙa naɗe dutse maimakon ta yi karo da shi. A burji mai gargada mutane kan sauko wajajen 26 zuwa 28 psi su rage gudu, zaka ji motar ta daina karkarwa kuma tsakuwa bata huda ta da sauƙi. A duwatsu wajajen 20 zuwa 22 a hankali. A yashi mai laushi 16 zuwa 18, in ka kafe ka iya sauka ƙasa da haka dan ka fita kawai. Motar da ke ɗauke da kaya masu nauyi bata sauka kamar wadda ba komai, wannan sai ka duba yadda gefen ke kumbura. Haɗarin biyu ne, in iska tayi ƙasa sosai ka yanki kwana da ƙarfi bakin tayar zai iya ficewa daga wili iskar ta tafi gaba ɗaya, shi yasa masu wasan duwatsu ke sa wili mai ƙusoshin da ke danne bakin taya, wanda kuma ba ko'ina doka ta yarda a hau titi da shi ba. Na biyun shi ne wanda na faɗa, zafi. Da ka dawo kwalta ka tsaya ka mayar da iskarka kafin ka ɗau gudu, ba sai ka isa gari ba. Nan ne amfanin kwamfaresa, wanda bashi da ita ba zai yarda ya rage iska ba tun farko, sai ya yi ta kafewa yana zagin taya. Ka sayi mai maƙalawa a batir kai tsaye, ƙananan nan na soket ɗin sigari kafin su cika taya huɗu sun ƙone. Kuma iska ana auna ta ne taya na sanyi, da safe ko bayan ta huta.

Biyar zaka saya ba huɗu ba, iri ɗaya girma ɗaya. A fo-wil duk ƙafafun a haɗe suke, in ɗaya ta fi sauran tsayi juyawarsu ba zata zo ɗaya ba, giyoyin ciki ne ke shan wahalar. A motocin da fo-wil ɗinsu kullum a kunne yake kamar Prado da manyan Land Cruiser abin ya fi tsanani, difaranshal na tsakiya zai yi ta aiki babu hutu. A taka mai sawa da cirewa, in ka sa fo-wil da tayoyi masu bambancin tsayi a ƙasa mai tauri zaka ji ta ɗaure, giyar ma ta ƙi fita. Kar kuma a haɗa MT a baya AT a gaba wai dan a samu duka biyun, riƙonsu a ruwa ba ɗaya bane. Ka riƙa juya su duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 har da safayar a cikin zagayen dan su cinye tare, sai dai in zanen mai kibiya ne da ke juyawa gefe ɗaya kawai, wanda dan wannan dalilin ma ban cika son sa a motar daji ba.

Kafin ka biya ka duba shekarar kowace ɗaya. A gefe akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekara, 2323 na nufin sati na 23 a 2023. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana da zafi na busar da ita. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canza bayan shekara 6, Michelin kuma suna cewa kar ta wuce 10 ko da zanen na nan. Tayar hannu in dole ce a cire ta daga wili ka leƙa cikinta, in ka ga faci a gefe, ko garin roba, ko wani layi da ya zagaye cikin alamar an taka ta babu iska, ajiye musu kayansu. Zurfin zane kuma, 1.6 milimita da doka ta sa a ƙasashe da yawa na kwalta ne, a laka tayar da ta wuce rabi ta riga ta rasa yawancin cizonta.

Sunaye, tunda na san zaka tambaya. A AT akwai BFGoodrich KO2 da ta fito a 2014 da magajiyarta KO3, an san su da taurin gefe. Falken Wildpeak da Toyo Open Country A/T III ana yaba musu a jiƙaƙƙen titi. Yokohama Geolandar G015 ta fi karkata wajen kwalta, shiru gare ta. Akwai General Grabber, akwai Bridgestone Dueler. In kana jin AT ta maka kaɗan a laka, Cooper S/T Maxx da Goodyear Wrangler DuraTrac suna tsakanin AT da MT. Amma suna ɗaya na iya zuwa a LT da wadda ba LT ba, dan haka sunan kaɗai bai gama magana ba. Wanda ke ƙasar da ake dusar ƙanƙara ya nemi tambarin dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara a ciki, wannan an gwada shi, rubutun M+S kuwa, wato laka da dusar ƙanƙara, siffar zane kawai yake nufi.

Ka ajiye kayan toshe huji a mota ka koyi amfani da su a gida, huji a kan zane da bai wuce milimita 6 ba ana toshe shi ka fita daji, in ka dawo mai faci ya cire tayar ya lika ta ciki. Yankan gefe baya gyaruwa, ko an lika kar ka hau titi da ita. Ranar da aka ɗaura sabbin a canza bawul, a yi balansin, a yi alaimen, ka gwada jak ɗinka ka ga ko yana iya ɗaga motar yanzu da ta ƙara tsayi, sannan bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notocin wili ka ɗaure su.